Wanda Ya Rufe Wa Injiniya Bara'u Ido

Sufeto Latifa Rabe tana tsaye a layin mai nama a Stratford Road, ranar Asabar bayan azahar, wayarta ta yi ƙara. Saja Bethany ce, abokiyar aikinta.

"Ma'am, an tsinci gawa a tsohuwar majami'ar nan ta kudu, wadda ake zuwa kallon kaburburan sarakuna. Mamacin mutumin unguwar Lozells ne, nan Birmingham. 'Yan sandan garin sun ce shaidun duk 'yan Najeriya ne, kuma tun da abin ya faru rabinsu suka daina Turanci. Suna so a ara musu ke."

Latifa ta fita daga layin. A Kano aka haife ta, tana firamare iyayenta suka dawo Birmingham, kuma Hausarta ba ta taɓa barin bakinta ba.

"Wa ya mutu?"

"Wani dattijo, Injiniya Bara'u."

Ta san sunan. Duk wani sulhu da ake yi tsakanin Hausawan Birmingham, a falonsa ake yinsa.

Ana yayyafi suka isa. Ginin ya fi ƙarfin ɗan garin da yake ciki. Dutse ne baƙi ƙirin saboda tsufa, hasumiyarsa ta shige cikin hazo, kuma a bakin kowace indararo an sassaƙa kan dodo, ruwa na zubowa ta bakinsa.

Ciki ya fi waje sanyi. Ginshiƙai sun miƙe sama sun haɗe kai da tsini, can inda ido ba ya kaiwa sosai. Gilasan tagogi masu launi suna zubo ja da shuɗi a kan dabe. Daben kansa duk sunayen matattu ne. Latifa ta fara ƙoƙarin kauce musu, ta ga babu inda za ta sa ƙafa, ta haƙura. Hagu da dama ga mutum-mutumin dutse kwance a kan kaburbura, hannaye haɗe a ƙirji, ido a buɗe.

Wata dattijuwa mai jar riga ta tare su. Sunanta Celestina, tsohuwar nas ce 'yar asalin Kafanchan, tana zagayawa da baƙi a majami'ar tun da ta bar aiki. Da ta ji sunan Latifa sai ta saki Turanci.

"'Yata, ni na gan shi. Ni na zagaya da su. Ƙungiyar zumunta ce, bas ɗaya suka cika, wasu daga Manchester, wasu daga Birmingham. Na nuna musu inda aka taɓa naɗa sarki, na nuna musu inda ake ɗaura auren 'ya'yan sarauta. Baban nan har yana min ba'a, wai mu ma Kafanchan ashe mun iso fada."

"Daga nan fa?"

"Sai na sallame su kowa ya zaga. Maza suka hau hasumiya, mata da yara suka tafi shago. Ni kuma na bi ta bayan kabarin sarki, na ga an kwance igiyar da aka tare ƙofar ƙasa da ita."

Kabarin sarkin yana can ƙurya, bayan wani shinge na katako. A gefensa akwai ƙaramar ƙofa, da allo mai cewa an rufe saboda gyara. Matattakala ce ta dutse, matsattsiya, ta gangara cikin duhu. Masu binciken wuri sun kunna fitila a ƙasa.

Latifa ta sa safar roba a kan takalminta ta sauka.

Ɗakin ƙasan gajere ne, ga akwatunan dutse jere a bango. Farar ƙasar magina ta rufe daben kamar an baɗa gari. A gindin matattakalar Injiniya Bara'u yake kwance cikin farin yadi da baƙar kwat, jini ya taru a ƙarƙashin ƙeyarsa. Sandarsa tana can gefe.

Hularsa kuwa tana kan fuskarsa.

"Wa ya ɗora wannan?"

Celestina ta amsa daga sama. "Haka na same shi. Wuyan hannunsa kawai na taɓa."

Latifa ta sa aka ɗauki hoto, sannan ta ɗaga hular da yatsa biyu. Idanunsa a rufe suke ruf, an kuma haɗe masa baki. An miƙar da hannayensa a gefen jikinsa.

Ta ɗago ta kalli Bethany, wadda ta biyo ta ƙasan.

"Bethany, wanda ya faɗo daga matattakala ba ya kwanciya haka. Gyara shi aka yi, irin yadda muke gyara mamacinmu."

Bethany ta haska daben. Ban da sawun takalmin robar Celestina, akwai wani sawun. Na namiji ne, babba, mai sulɓin ƙasa. Ya sauko, ya koma. A kusa da kan gawar sawun ya tattake wuri ɗaya, ya murje farar ƙasar.

"Ya daɗe a tsaye a nan," in ji Bethany a hankali.

"Ya daɗe, kuma bai kira kowa ba."

An tara 'yan ƙungiyar a ɗakin shan shayi na majami'ar. Mata na kuka ƙasa-ƙasa, maza sun yi jugum, yara sun lafe a jikin iyaye. Latifa ta dubi ƙafafun maza tun daga ƙofa. Banza. Duk sun bi ta harabar da ruwa ya jiƙa kafin a tara su, takalma a wanke suke tas.

Wani dogon mutum mai farin tabarau ya miƙe ya tare ta.

"Sufeto, sannu da zuwa. Dakta Sa'id, daga Manchester. Ni ne shugaban ƙungiya, ni na shirya wannan tafiya. Wallahi it's a tragedy. Baba Bara'u yana da ciwon gwiwa, na sha gaya masa ya daina yawo shi kaɗai."

"Kana ina lokacin da abin ya faru?"

"A saman hasumiya, tare da sauran maza."

"Tun daga farko har ƙarshe?"

"Har aka fara ihu."

"Ka sauka ɗakin ƙasan?"

"An hana ni. Na ce musu ni likita ne, suka ce a jira 'yan sanda."

Magana yake yi a natse, hannunsa ɗaya a kan kafaɗar wata mata da ke zaune. Siririya ce, mayafinta ya rufe har yatsunta. Wata ƙaramar yarinya ta cusa kai a cinyarta.

"Iyalina ce, Ruƙayya. Wannan Inaya."

Latifa ta durƙusa gaban matar. "'Yar'uwa, ke kina ina?"

Ruƙayya ta ɗaga ido ta kalli mijinta kafin ta amsa. "Shago."

"Kin ga Baba Bara'u bayan an rabu?"

"A'a."

"Kin san shi sosai?"

"Abokin mahaifinta ne, Allah ya jiƙansa," in ji Dakta Sa'id. "Gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Sufeto, ba ta da lafiya, hawan jini gare ta. Kin ga yadda take rawa."

Rawa kuwa take yi, har kofin shayin da ke hannunta yana buga faranti.

Kafin Latifa ta miƙe wata mata ta raɗa mata cewa a tambayi Iliya. Ɗan ƙanwar mamacin ne, kuma duk bas ta ji suna sa-in-sa da kawun nasa a hanya.

Iliya saurayi ne mai aikin kwamfuta, idanunsa sun yi jajur. Latifa ta ja shi gefe.

"Me ya haɗa ka da kawunka a mota?"

"Ba komai. Family matter ne."

"Kawunka yana kwance a ƙasa da fasasshen kai. Wace irin maganar gida?"

"Maganar aiki ce. Yana so in canja wurin aiki."

"Ka hau hasumiya?"

"A'a. Ina waje ina waya."

"Me ka gani?"

"Ban ga komai ba."

Bai kalle ta ba ko sau ɗaya. Ta dubi takalminsa. Na wasanni ne, mai zanen ƙasa, ba irin sawun da ta gani ba.

Babu kyamara a bayan kabarin sarki, babu kuma hujjar tsare mutum. Aka rubuta bayanin kowa, aka karɓi hotuna da bidiyon da suka ɗauka, aka sallame su gab da magariba. Latifa tana tsaye a bakin ƙofa bas ɗin ta juya. Ta taga ta hango Ruƙayya ta manna goshi a gilashi, tana kallonta, bakinta a ɗan buɗe. Sai wani hannu ya miƙo ya ja labulen.

Ƙararrawar hasumiya ta buga a saman kanta, har cikin haƙoranta ta ji.

Da safiyar Lahadi likitan gawa ya kira. Faɗuwa ce ta fasa ƙeyar, amma akwai shatin hannu a ƙirji, alamar turi. Sannan ya ƙara da abin da ya sa Latifa ta zauna a bakin gado.

"Bai mutu nan take ba. Ya ɗauki lokaci yana numfashi. Da an kira motar asibiti, ina kyautata zaton da ya rayu."

Gidan mamacin a Lozells yake, cikin jerin gidajen jan bulo masu manne da juna. Takalma sun cika ƙofa. Maza na tambayar yaushe za a ba da gawa a yi sutura, Latifa ta ba su haƙuri. Iliya ta hango a ɗan filin bayan gida, tsaye shi kaɗai cikin sanyi.

"Ture shi aka yi, Iliya. Kuma wani ya tsaya a kansa yana kallo har ya cika."

Iliya ya dafa bango.

"Yanzu gaya min abin da ka gani."

"Anti, wallahi sunansa nake karewa." Hawaye suka zubo masa. "Na dawo daga waya, na gan shi ya bi bayan shingen katakon nan. Matar Dakta na biye da shi. Su biyu."

"Shi ya sa kuka yi faɗa a mota?"

"Na lura suna waya a ɓoye. In ta kira sai ya tashi ya fita. Na ce masa Kawu, ka girma, matar aure ce, mutane za su yi magana. Ya ce in rufe masa baki, ban san komai ba. Maganata ta ƙarshe da shi ke nan."

"Ka ga wani ya bi su?"

"Ban tsaya ba. Kunya ta kama ni na fita."

Latifa ta hau sama wurin matar mamacin. Hajiya Raki tana zaune a kan darduma da carbi, ba ta je yawon ba saboda ciwon baya. Latifa ta durƙusa ta yi mata gaisuwa, ta nemi sauran matan su ba su wuri.

"Hajiya, ki gafarce ni. Mece ce tsakanin Baba da Ruƙayya?"

Hajiya Raki ta dafa gado ta miƙe.

"Zo ki gani, 'yata."

Ta buɗe ɗakin da ke kallon nata. An shimfiɗa sabon zanen gado. Ga ƙaramar katifa a gefe, da buroshin haƙori guda biyu cikin leda, da 'yar rigar sanyi ta yarinya a rataye.

"Jiya ya kamata su kwana a nan, ita da Inaya. Mahaifinta kafin ya rasu ya damƙa wa Injiniya amanarta. Mutumin nan dukanta yake yi. Ya san inda zai buga ba a gani ba, ai likita ne. Ya karɓe wayarta, ya hana ta zuwa asibiti, in zai fita aiki kulle su yake yi. Da wayar maƙwabciya take kiranmu ta taga."

"Me ya sa ba ku zo wurinmu ba?"

"Ta hana. Ya ce mata ranar da ta kai shi ƙara zai sa a rubuta tana da taɓin hankali, hukuma ta ɗauke 'yar. Ta yarda. Shi ya sa Injiniya ya ce a jira wannan tafiyar, tunda dole ya fito da ita a gan su tare. In bas ta tsaya a Sparkbrook a dawowa don sauke 'yan Birmingham, sai ta riƙe hannun 'yarta ta sauka tare da mutanenmu. A gaban jama'a ba zai iya komai ba. Jiya ne zai keɓe da ita ya gaya mata yadda za a yi."

"Jiya ta sauka a Sparkbrook?"

Hajiya Raki ta girgiza kai. "Tun asuba nake kiran maƙwabciyar. Ta ce sun dawo, amma tagar a rufe take, labule a sake, ba ta ji motsin yarinyar ba." Ta kama hannun Latifa da ƙarfi. "Mijina ya riga ya tafi. Ki je ki ɗauko min waɗannan biyun da rai."

Latifa ba ta san yadda ta sauko daga benen ba.

Bethany ce ke tuƙi, fitila na walƙiya a kan babbar hanyar arewa. Latifa ta kira 'yan sandan Manchester, ta nemi su tura mota gidan Dakta Sa'id da ke Ardwick amma kada su buga ƙofa sai ta iso, sai fa in sun ji ihu. Tana tsoron abin da mutumin zai yi in ya ga kaki ba tare da wanda zai yi masa magana ba. Tana ajiye wayar kuma ta fara tsoron jiran da kansa.

"Na duba hotunan hasumiya duka," in ji Bethany, idonta a kan hanya. "Babu likitan ko a ɗaya. Na kira mai gadin hasumiyar. Ya ce wani dogo mai tabarau ya juyo daga rabin hanya, wai jiri yake ji. A daidai wurin akwai baranda da ake hango bayan kabarin sarki."

Latifa ta rufe ido. Labulen bas ɗin kawai take gani.

"Jiya tana gabana, Bethany. Na bar ta ta shiga motar."

"Ba mu da hujja jiya."

"Ƙara wuta."

Gidan nasa flat ne, a hawa na biyu na wani sabon bene, tsakanin gidajen ɗalibai. 'Yan sanda biyu suka bi su a baya. Latifa ta ƙwanƙwasa.

Dakta Sa'id ya buɗe cikin jallabiya, fuskarsa a sake.

"Sufeto! Har Manchester? Bismillah, shigo."

Falon tsaf yake, babu ko abin wasan yara a ƙasa. Akwatunan tafiya biyu suna tsaye a bayan kujera. A kan tebur ga fasfo biyu. A kan hitar ɗumama ɗaki da ke jikin bango an kifa baƙin takalmin fata, an wanke shi yana bushewa.

"Tafiya za ku yi?"

"Iyalin ne za su je gida su huta. Abin jiya ya girgiza ta."

"Ina take?"

"Barci take. Na ba ta magani."

"Inaya fa?"

"Tana tare da ita."

"Zan gan su."

"Ƙanwata," ya cire tabarau ya goge, "ke 'yar gida ce, kin san ba a shiga ɗakin matar mutum haka. Ki dawo gobe."

Gidan shiru. Ba talabijin, ba tari, ba motsin ƙafa. Latifa ta leƙa dogon lungun da ya bi ɗakuna. Ƙofar ƙarshe tana da sakata, kuma sakatar ta waje take, da kwaɗo a jiki.

Ta ɗaga murya. "Ruƙayya! Latifa ce. Hajiya Raki ce ta aiko ni."

Shiru.

"Ruƙayya, in kina jina ki buga wani abu."

Dakta Sa'id ya yi murmushi. "Na gaya miki barci take."

Sai aka ji shi. Ƙwas. Ƙwas. A hankali, daga ƙasan ƙofar.

Likitan ya yunƙura zai shiga lungun, 'yan sandan biyu suka riƙe shi. Murmushin ya ɓace ɗif.

"Makulli," in ji Latifa.

"Ba ku da warrant, ba ku da izinin kotu."

"Rai na cikin haɗari, ba ma buƙata. Makulli, ko a ɓalle."

Bethany ta zaro shi daga aljihun jallabiyarsa.

Ɗakin duhu ne, an toshe tagar da katifa. Ruƙayya tana kwance a ƙasa a bayan ƙofar, da kayan jiya a jikinta, cokali a hannunta. Da kyar take ɗaga fatar ido. Gefen fuskarta ya kumbura. Latifa ta duba ko'ina ba ta ga yarinyar ba.

"Ina Inaya? Ruƙayya, ina Inaya?"

Ruƙayya ta nuna kabad da cokalin.

Bethany ta buɗe. Yarinyar tana dunƙule a cikin kaya, ta toshe kunnuwa da hannu biyu, idonta a buɗe. Lafiyarta ƙalau. Uwar ce ta ɓoye ta tun kafin maganin ya kama ta.

Aka kira motar asibiti. Latifa ta zauna a ƙasa ta ɗora kan Ruƙayya a cinyarta.

"An riƙe shi. Ba zai shigo ba. Gaya min abin da ya faru a majami'ar."

Maganar tana fitowa a rarrabe. "Baba yana gaya min... in bas ta tsaya in sauka. Sai ga Abban Inaya a bayanmu. Ya murɗe min hannu. Baba ya sa sandarsa a tsakaninmu, ya ce sake ta, amanata ce. Sai ya tura shi." Ta runtse ido. "Na ji kansa yana bugun dutsen. Ya ce in koma shago in yi dariya, in na buɗe baki ba zan sake ganin Inaya ba. Baba yana nishi a ƙasa, Anti. Ina jin nishinsa na tafi."

Latifa ta koma falo. Likitan yana zaune tsakanin 'yan sandan. Ta gaya masa an kama shi bisa zargin kisan Injiniya Bara'u, ta karanta masa haƙƙinsa na yin shiru da na lauya.

"Maganar mahaukaciya za ku ɗauka?" in ji shi. "She's not well. Ina da shaidar hakan."

"Mai gadin hasumiya ya ga ka juyo. Iliya ya ga Baba da matarka sun bi bayan shingen. Akwai sawun takalmi a farar ƙasa." Ta nuna hita. "Ka wanke shi, amma farar ƙasa tana shiga ɗinki. Yau za a kai shi ɗakin gwaji."

Ya kalli takalmin.

"Likitan gawa ya ce da an kira taimako da ya rayu. Kai ma ka san haka tun kana tsaye a kansa, ko ba haka ba, Dakta?"



"Gidana ya shigo," ya faɗa a hankali. "Matata ce. 'Yata ce. Wane ne shi da zai kwashe min iyali a gaban mutane, ni ina shugabansu?"

"Sai ka tura shi."

"Ban yi niyyar ya faɗi ba. Sandar na ture." Ya sunkuyar da kai. "Na sauka. Na taɓa wuyansa, jijiyar na bugawa. Na ciro waya. Wallahi na ciro ta."

"Me ya hana ka kira?"

"Kallona yake yi. Ya gane ni. Na san in ya tashi zai yi magana, lasisina ya tafi, komai ya tafi." Muryarsa ta koma raɗa. "Sai na mayar da wayar. Na tsaya. Yana ta motsa baki yana shahada, ni ina riƙe da wuyan hannunsa ina jin bugun yana raguwa. Da ya tsaya na gyara shi. Ban bar shi a wulaƙance ba, ku rubuta wannan."

Ɗaya daga 'yan sandan, wanda bai fahimci ko kalma ɗaya ta Hausar ba, ya kalli fuskar Latifa ya kawar da kai.

"Za a rubuta duka," in ji ta. "Ku tafi da shi."

Aka sa masa ankwa. Ya nemi a bar shi ya canja kaya, aka ƙi. Haka aka sauka da shi cikin jallabiya da silifas, ɗalibai sun leƙo ta tagogi suna kallo, har aka danna kansa cikin mota.

Masu motar asibiti sun ɗora Ruƙayya a kan gadon ɗauka. Inaya na hannun Bethany, ta ƙanƙame wuyanta. A bakin matattakala Ruƙayya ta kamo rigar Latifa.

"Zai dawo?"

Latifa ba ta son yi mata alkawarin da ba nata ba. "Yau ba zai dawo ba, gobe ma haka. Abin da ya wuce nan sai kin tsaya gaban alƙali kin faɗi abin da kika gaya min. Yana zaune yana kallonki za ki faɗa."

Yatsun Ruƙayya suna rawa a jikin rigar.

"Zan faɗa," in ji ta. "Ko ina rawa zan faɗa."

Aka sauka da ita. Latifa ta tsaya ita kaɗai a ƙofar flat ɗin. Ta jingina da bango ta kira Lozells. Bugu ɗaya aka ɗauka, ba a yi magana ba, numfashi kawai take ji.

"Hajiya, ni ce. Suna raye, su biyun."

A can ɗaya gefen tsohuwar ta fashe da kukan da ta riƙe tun jiya.